Matan da Suka Kai Jiragen Yaƙi

Idan jirgin sama ya ratsa bisa garin Matamai, yara sukan bar wasa su ɗaga kai. Ƴan maza da ƴan mata duka suna kallo har jirgin ya ɓace. Amma in malami ya tambayi aji wa yake son tuƙa jirgi in ya girma, ƴan maza ne ke ɗaga hannu. Yarinyar da ta ɗaga nata, dariya ake yi mata. Wani ya ce: "Ina mace ina jirgi?"

Wannan dariya ba ta da tushe. Tambayar ma an amsa ta tun shekaru fiye da 80 da suka wuce, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. Wanda ya san abin da ya faru a lokacin ba zai ƙara yin dariyar ba.

Jiragen da suka bi ta Kano

Labarin ya taɓo ƙasar Hausa. Daga Matamai zuwa Kano ba a yi kilomita 200 ba. Jirgin yaƙi na wancan zamani yana iya cin wannan tafiya cikin kamar rabin awa.

An soma yaƙin a 1939. A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa, Italiya kuma ta shiga yaƙi a gefen Jamus. Ingila tana da sojoji a Masar, suna bukatar jiragen sama. Amma hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari, kewaya Afirka ta kudu da jirgin ruwa kuma yana cin watanni. Sai Ingilishi suka nemi wata hanya.

Suka riƙa sa jiragen cikin manyan akwatunan katako, gunduwa-gunduwa. Jirgin ruwa ya kawo su Takoradi, a ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. Can makanikai suke harhaɗa su. Daga nan a tuƙa su zuwa Ikko, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort-Lamy wadda yau ake kira Njamena, sai Hartum, har Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, tana cin kamar kwana shida.

Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940. Jirgi guda mai inji biyu, ana ce da shi Blenheim, yana gaba. Ƙananan jirage shida masu inji guda, ana ce da su Hurricane, suna biye. Na gaban shi ne madugu, don a cikinsa mai duba taswira yake. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Ba su iya bi ta sararin Nijar ba. Lokacin Nijar tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy, wadda ta yi sulhu da Jamus, kuma haka ta zauna har ƙarshen 1942. Cadi kuwa, gwamnanta Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle tun watan Agusta 1940. Shi ya sa ƙofar Fort-Lamy ta buɗe.

Matuƙan da suka bi wannan hanya ba yaƙi suka je yi ba. Aikinsu su kai jirgi inda ake bukatarsa, su miƙa shi, su komo su ɗauki wani. Kamar direban da ke ɗauko sabuwar mota daga bakin teku ya kawo wa mai ita a Damagaram. Su ne ake kira masu kai jirgi. Babu mai yi musu kirari, amma in ba su, sojan sama zai zauna ƙasa hannu banza.

A hanyar Kano maza ne suka yi wannan aiki. A can Ingila kuwa, inda ake ƙera jiragen, mata sun yi shi tare da maza.

Mata takwas

Masana'antun Ingila suna fitar da jirage dare da rana. Kowane jirgi sai an ɗauke shi daga ƙofar masana'anta an kai shi sansanin soja. Wanda ya lalace kuma sai an kai shi wurin gyara. In aka sa sojan sama wannan zirga-zirga, wa zai yi yaƙin? Don haka aka kafa wata hukuma ta farar hula, ana kiranta ATA a taƙaice. Da farko maza ta ɗauka, waɗanda soja ya ƙi sabili da tsufa ko wata naƙasa. Akwai mai ido guda a cikinsu, akwai mai hannu guda.

Wata matuƙiya mai suna Pauline Gower ta nemi a ɗauki mata ma. Kafin yaƙi ita kanta ta ɗauki dubban fasinjoji a ƙaramin jirginta. Ta yi ta naci har aka yarda. Ranar 1 ga Janairu 1940 mata takwas suka kama aiki a ƙarƙashinta, a filin jirgi na Hatfield, arewa da Landan.

An yi musu irin dariyar da ake yi wa yarinyar aji. Jaridu sun yi surutu. Aka ba su aikin da maza ba su so, wato kai ƙananan jiragen koyo masu suna Tiger Moth zuwa arewacin ƙasar. Wannan jirgi ba shi da rufi bisa kan matuƙi, ga shi lokacin tsananin sanyi ne. Sanyin hunturu na Damagaram wasa ne a kan wannan. Wani lokaci in matuƙiya ta sauka, sai an kama ta an fito da ita, don gaɓoɓinta sun ƙage.

Sun san cewa in ɗayarsu ta fasa jirgi, za a ce duk mata ba su iya ba. Suka yi aiki da hankali. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A watan Yuli 1941 aka bar su su tuƙa Hurricane, irin wanda ke bi ta Kano. Daga baya Lettice Curtis ta zama mace ta farko a cikinsu da ta tuƙa babban jirgin jefa bom mai inji huɗu. Kafin ƙarshen yaƙi mata 168 sun yi aiki a hukumar, wato kusan matuƙi guda cikin kowane takwas.

Yinin matuƙiya

Da safe matuƙiya takan iso filin jirgi da ƴar jakarta da laimar sauka. Laimar sauka ita ce ƙyallen da matuƙi ke dirowa da shi in jirgi zai faɗi. Da farko sai ta je wurin masu duba yanayi ta ji labarin gajimare da iska. Sannan a miƙa mata ƴan takardu. Kowace takarda tana ɗauke da irin jirgin, da inda za ta same shi, da inda za ta kai shi.

Wani jirgi mai suna Anson shi ne motar haya tasu. Yakan kwashe su ya rarraba su masana'antu. A yini guda mace tana iya tuƙa jirgi uku ko huɗu, kowane irinsa dabam. Wani ma ba ta taɓa shiga irinsa ba sai ranar.

To, yaya mutum zai tuƙa jirgin da bai taɓa gani ba? Da karatu. Kowane matuƙi yana da wani ɗan littafi mai shiga aljihu. Kowane irin jirgi yana da shafinsa. An rubuta gudun da ake tashi da shi, da gudun da ake sauka da shi, da yadda ake buɗe mai, da abin yi in inji ya mutu. Matuƙiya takan zauna cikin jirgin ta karanta shafin, ta dubi kowane maɓalli, sannan ta ta da inji. Wadda ta karanta lamba ba daidai ba, ranta ne a bakin kuskuren.

Ba su da rediyon magana da ƙasa. Bindigogin jirgin ba harsashi. An umurce su su tashi ƙasa da gajimare, idonsu na ganin ƙasa. Abin da suke da shi taswira ce, da agogo, da allurar da ke nuna arewa. Sukan bi layin dogo, ko kogi, ko hanyar mota, kamar yadda madugu ke gane hanya da dutse da rijiya. Kafin tashi sai sun yi lissafi: nisa kaza, gudu kaza, minti nawa ke nan, mai zai isa ko ba zai isa ba.

Babban abokin gabansu shi ne yanayi. Wanda ya ga hazon hunturu ya rufe gari har ba a hango rimin bakin kasuwa, ya san abin da ake nufi. A Ingila hazo da gajimare sukan sauko ba sallama. Ga kuma manyan balan-balan da aka ɗaure da wayoyin ƙarfe bisa birane don tare jiragen Jamus. Waya ba ta san jirgin gida da na abokin gaba ba.

In dare ya yi wa matuƙiya a nesa, ta kwana inda ta samu, ko ta shiga jirgin ƙasa na dare, wani lokaci zaune bisa jakar laimarta don babu kujera. Da safe ta koma bakin aiki. Kwana 13 suke yi a jere, sannan su huta kwana 2.

Ba ƴan Ingila kaɗai ba ne. Akwai ƴan Amurka, da ƴan Folan, da ƴan Afirka ta Kudu. Wata budurwa mai suna Margot Duhalde ta zo daga ƙasar Cile. Ta iya tuƙi, amma ba ta jin Ingilishi sosai. Sai aka sa ta aiki cikin makanikai na ƴan watanni har ta koyi harshen, sannan ta koma tuƙi. Harshe na biyu shi ya buɗe mata ƙofar. Ɗan aji mai koyo da harshe biyu ya riƙe wannan.

Wata kuma, Mary Ellis, ta kai wajen jirage 1,000. Wata rana ta sauke babban jirgin jefa bom mai suna Wellington ita kaɗai. Sojojin filin suka tambaye ta ina matuƙin. Ta ce ita ce. Ba su yarda ba, sai da suka shiga jirgin suka bincike shi. Ba su samu kowa ba. Gani ya kori ji.

Aikin ya ci rayuka. Mata 15 na hukumar sun mutu a bakin aiki. A cikinsu har da Amy Johnson, wadda a 1930 ta tuƙa jirgi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostareliya. Ranar 5 ga Janairu 1941 mugun yanayi ya ɓatar da ita, ta faɗa ruwa a bakin kogin Thames. Duk da haka, daga farkon yaƙi zuwa 1945, maza da matan hukumar sun kai jirage fiye da 309,000, iri 147.

Kura da shan bugu

Jirgi bai bambanta su da maza ba, hazo ma bai bambanta su ba. Mai biyan albashi ne ya bambanta su. Da farko, in an ba namiji dala biyar, mace dala huɗu ake ba ta, alhali jirgin ɗaya ne, hatsarin ɗaya ne. Pauline Gower ba ta yi shiru ba. A 1943 gwamnatin Ingila ta daidaita albashin. Wannan shi ne gaskiya: aiki ɗaya, lada ɗaya.

A Amurka abin ya fi muni. Can ma an kafa ƙungiyar mata matuƙa, ana kiranta WASP, ƙarƙashin Jacqueline Cochran da Nancy Love. Mata wajen 25,000 suka nema, sama da 1,000 kaɗan suka samu shiga aiki. Sun kai jirage, sun gwada waɗanda aka gyara, sun ja ƙyalle a sama don sojoji su koyi harbi. Su 38 suka mutu. Amma da yake ba a lissafa su cikin soja ba, gwamnati ba ta ɗauki nauyin jana'izarsu ba. Sau da yawa ƴan uwansu matuƙa ne ke yin karo-karo a kai gawa gida. A watan Disamba 1944 aka rushe ƙungiyar, aka ce kowa ta kama gabanta. Sai a 1977 aka yarda cewa aikin soja suka yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Ingila ma, da aka rufe hukumar a ƙarshen 1945, kaɗan ne cikin matan suka samu aikin tuƙi. Wannan ya nuna abu guda. Ba rashin iyawa ke tare mace ba. Lokacin da aka matsu an buɗe ƙofa, sun shiga sun iya. Da bukata ta wuce aka mai da ƙofar aka rufe.

Abin da masu musu ke cewa

Wani zai ce yaƙi ba abin sha'awa ba ne. Gaskiyarsa. Jiragen nan mutuwa suka kai wa mutane. Miliyoyi sun hallaka, har da ƴan Afirka da aka ɗebe aka kai fagen da ba nasu ba. Babu mai hankalin da zai yi fatan irin wannan ya komo. Amma ba yaƙin ake yabo ba. Shaidar da ya bari ake dubawa. Hannun da ya iya kai jirgin yaƙi zai iya kai maras lafiya daga Bilma zuwa asibitin Yamai. Zai iya kai magani da abinci, ya fesa wa fara magani, ya ɗauki alhazai.

Wani zai ce ai waɗannan ɗiyan masu kuɗi ne, kuma Turawa. Akwai gaskiya a nan ma. Matan farko yawancinsu daga gidajen wadata suka fito, don koyon tuƙi yana da tsada. A Amurka kuma an ƙi ɗaukar baƙaƙen mata ko da sun iya tuƙi, kuma wannan zalunci ne. Amma daga baya hukumar Ingila ta soma ɗaukar ƴan matan da ba su taɓa riƙe jirgi ba, ta koya musu tun daga tushe, suka kuwa iya. Ashe kuɗi dama kawai yake sayowa. Basira kuwa Allah bai ware ta ga gida ɗaya ko launi ɗaya ba. Bessie Coleman, baƙar fata ƴar Amurka, da makarantun ƙasarta suka ƙi ta, Faransanci ta koya, ta tafi Faransa ta samo takardar tuƙi a 1921. A Masar, Lotfia Elnadi ta samu tata a 1933.

Wani kuma zai ce, to aure fa, da gida? Cikin mata takwas na farko akwai matan aure, akwai masu ɗiya. Aure bai hana su ba. A ƙasar Kance ma mace takan yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi aikin garka, ta ɗauki kaya zuwa kasuwa da goyo a baya. Ba a taɓa jin an ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Sai in an zo aikin da ke da albashi da daraja ake tuna cewa mace rarrauna ce. Wannan magana tana bukatar a sake duba ta.

Ƙofar tana cikin aji

Yau ba sai an je Ingila neman misali ba. A watan Oktoba 2015 Laftana Ouma Laouali, tana da shekara 28, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojan Nijar. Ta tuƙa ƙaramin jirgi mai suna Cessna. A 2020 ta gama koyon tuƙin C-130 a Amurka, babban jirgin ɗaukar kaya mai inji huɗu. A Nijeriya, makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta horar da Chinyere Kalu, mace ta farko matuƙiyar jirgin fasinja a ƙasar, kuma daga baya ita ta shugabanci makarantar. A Yamai akwai makarantar EAMAC, inda ake koyon duba yanayi da yi wa jirage jagora daga ƙasa.

Duk waɗannan wurare abu ɗaya suke tambaya a bakin ƙofa: karatu, da lissafi, da harshe. Su ne dai kayan aikin matan nan na 1940, wato ɗan littafin aljihu, da taswira, da agogo. Kuma su ne abin da ake koyarwa kullum a aji a Matamai.

Saboda haka yarinyar da aka fitar daga makaranta tun ba ta ƙware da karatu ba, an rufe mata ƙofar tun daga nesa. Ba za a taɓa sanin abin da za ta iya ba. Hasarar ba tata ba ce ita kaɗai, ta garin ce duka. Ba kowace yarinya za ta zama matuƙiya ba, kamar yadda ba kowane yaro zai zama ba. Wata likita za ta zama, wata malama, wata ƴar kasuwa mai riƙe lissafinta da kanta. Amma a bar ta ta kai inda za a gwada ta.

Uwaye su bar ɗiyansu mata su gama karatu. Ƴan maza su daina dariya in yarinya ta ɗaga hannu. Ita kuma yarinyar, kada ta sauke hannun. Ta riƙe lissafinta da kyau, don ranar da za a miƙa mata takardar aiki, lissafin za a tambaye ta.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin mai kai jirgi?
2. Waɗanne garuruwa jiragen suka bi daga Takoradi zuwa Masar? A nuna su bisa taswira.
3. Don me jiragen ba su bi ta sararin Nijar ba a 1940 da 1941?
4. Waɗanne abubuwa matuƙiya ke amfani da su don gane hanya?
5. Me ake nufi da "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi"?
6. Lissafi: jirgi yana gudun kilomita 300 a awa guda. Minti nawa zai yi kafin ya ci kilomita 450?